Magajin Shagari Aliyu: Falken da ya ajiye ciniki, ɗansa ya zama shugaban ƙasa

Duk matafiyin da ya tashi daga birnin Sakkwato ya nufi Jega, da zarar ya wuce Boɗinga, ba zai daɗe ba sai ya iske garin Shagari. Sunan wannan gari ya shiga kunnen duniya ne ta dalilin mutum guda, Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1 ga Oktoba 1979 zuwa 31 ga Disamba 1983.

A cikin wannan dogon suna akwai ɗaya da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato Aliyu. Shi ne mahaifin shugaban. Manomi ne, makiyayi ne, kuma ɗan kasuwa, kafin a naɗa shi Magajin Shagari. Ya rasu wajen 1930, lokacin da Shehu yake da shekara 5 kacal a duniya. Bai ga ɗansa ya shiga aji ba, balle ya gan shi a fadar gwamnati a Legas.

Duk da haka, wanda ya bi sawun rayuwar Shehu Shagari tun daga makarantar allo har zuwa kujerar shugaban ƙasa zai ga cewa abin da uban ya bari ne ya share hanyar. Ya bar sarautar da ta sa aka san da gidansa, ya kuma bar iyalin da ba su watse ba bayan an kai shi makwancinsa.

Gidan da Ahmadu Rufa'i ya kafa

Garin Shagari, kamar yadda tarihin gidan ya nuna, kakan Aliyu ne ya kafa shi, wani Bafillace mai suna Ahmadu Rufa'i, wanda kuma shi ne ya fara riƙe garin. Yankin kuwa ba baƙo ba ne a tarihin jihadi. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna na wasu shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Boɗinga. Yabo, wadda take maƙwabtaka da Shagari, gari ne na Muhammadu Moyijo, ɗaya daga cikin shugabannin Fulanin da suka mara wa Shehu baya tun farko, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Yabo.

A irin wannan ƙasa aka haifi Shehu Shagari ranar 25 ga Fabrairu 1925, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari. Sunan yankansa Usman. A ƙasar Sakkwato kuwa, don girmama Mujaddadi, duk Usman Shehu ne, shi ya sa laƙabin ya danne sunan. Mahaifiyarsa Mariyamu ce, kuma ya tashi ne a babban gida mai mata fiye da ɗaya, da yayye a gabansa. Wannan batu na yayye shi ne zai yi rana bayan 'yan shekaru.

Fatauci a lokacin da ƙasa ke sauya hannu

Aliyu ya yi rayuwarsa ne a zamanin da komai yake juyawa. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Daga nan mulki ya koma hannun Turawa, ko da yake sun bar sarakuna a kan karagarsu suna mulki ta hannunsu.

Ɗan kasuwar wannan zamani ya gaji tsohon tsari ne da aka daɗe ana bi. Ayari yakan tashi ƙarƙashin madugu, jagaba yana gaba yana duba hanya, jakuna na ɗauke da kaya, a yada zango inda dare ya yi. A garin da aka sauka akwai fatoma mai ba da masauki, akwai dillali mai haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa. Jega, wadda hanyarta ta ratsa ta yankin Shagari, tana cikin manyan kasuwannin daular, inda goron Gwanja yake haɗuwa da kanwa, gishiri, tufafin saƙi, dabbobi da fatun jar akuyar Sakkwato da suka yi suna har ƙasashen Larabawa da Turai.

Sai ga sabon zamani ya shigo da nasa ƙa'idojin. Wuri ya fara ja da baya, sule da sisi da kwabo da anini suka maye gurbinsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan a 1929 layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda. Goron da a da ake kwashe watanni ana ɗauko shi a kan jaki ya koma zuwa ta teku har Legas, daga nan jirgin ƙasa ya hauro da shi. Haraji kuma ya zama dole a biya shi da tsabar kuɗi, abin da ya tura dubban mutanen lardin Sakkwato cin rani zuwa kudu da ƙasar Gwanja.

Mutumin da ya haɗa gona da garke da ciniki a irin wannan yanayi ya san abin da yake yi. In damina ta yi gardama, shanu na nan. In cuta ta faɗa wa shanu, kasuwa na nan. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta yi ɓarna mai yawa a ƙasar Hausa, ta koya wa mutanen wancan zamani cewa mai dogaro da hanya ɗaya yana cikin haɗari.

Taura biyu ba ta taunuwa

Abin da aka fi tunawa da shi a rayuwar Aliyu shi ne matakin da ya ɗauka da sarauta ta zo masa. Al'adar ƙasar ba ta yarda mai riƙe da jama'a ya riƙa fafatawa da talakawansa a kasuwa ba. Saboda haka da aka naɗa shi Magaji, sai ya janye hannunsa daga wasu harkokin cinikinsa.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san aikin dagaci a wancan lokaci. Shi ne mai ƙidayar magidanta, shi ne mai tara haraji da jangali ya miƙa wa hakimi, daga can a kai baitulmali a Sakkwato. Shi ne mai raba gardamar iyakar gona, mai sasanta manomi da makiyayi, mai karɓar baƙo. In irin wannan mutum yana da buhunan gero da yake jira su yi tsada, ko yana bin rabin garin bashi, wa zai yarda da hukuncinsa? Wane talaka ne zai iya taya kayan Magaji ya ce sun yi tsada?

Wannan tunani yana da tushe a rubuce-rubucen masu jihadi. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan da suka mayar da mulki hanyar tara dukiya ta karɓe-karɓe daga talakawa da 'yan kasuwa. Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi dogon bayani a kan haƙƙin da ke wuyan shugaba a cikin Liya'ul Hukkam.

Wani abin lura shi ne, kundin tsarin mulkin 1979, wanda ɗan Aliyu ya yi rantsuwar karewa, ya zo da ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ta hana mai riƙe da muƙamin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa. Kundin 1999 da ake aiki da shi yanzu ya riƙe wannan hani, sai dai ya ware noma. Wato abin da al'ada ta ɗora wa dagacin wani ƙauye tun kafin 1930, shi ne doka ta dawo tana roƙon ministoci da gwamnoni su kiyaye.

Ta fuskar aljihu, barin ciniki asara ce. Amma rawanin ya zo wa gidan da wani abu da ayari ba zai taɓa kawowa ba. Lokacin da Turawa suka fara buɗe makarantun boko a Arewa, talakawa gudu suke yi, wasu har ɓoye 'ya'yansu suke yi a rumbu ko a tura su ruga. Don haka hukuma ta fi matsa wa masu sarauta su ba da nasu 'ya'yan. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ma tana da sashe na musamman domin 'ya'yan sarakuna. Ɗan falke yakan bi ubansa ne a bayan jakuna. Ɗan dagaci kuwa sunansa na gaban hakimi duk ranar da aka ce a kawo yara makaranta.

Ranar da Magaji ya kwanta dama

Shehu ya fara karatun allo yana ɗan shekara 4, mahaifinsa na raye. Shekara guda bayan haka Aliyu ya rasu. A nan ne gidaje da yawa suke rushewa: a raba gado, matan su koma gidajen iyayensu ko su sake aure, yara su warwatsu a hannun dangi, kowa ya kama gabansa.

Gidan Magaji bai bi wannan hanya ba. Bello, yayan Shehu, shi ya gaji rawanin mahaifinsu, sarautar ta ci gaba da zama a gidan. A 1931, shekara guda ke nan ko kusa da haka da rasuwar uban, aka sa Shehu a makarantar elementare ta Yabo. Da ya gama, ya wuce Midil ta Sakkwato a tsakiyar shekarun 1930, sannan a 1941 ya shiga Kwalejin Kaduna, wadda asalinta ita ce Kwalejin Katsina, kuma ita ce daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. Ya fito a 1944.

Kowane mataki a cikin waɗannan yana bukatar babba a bayansa. Sai da wani ya amince a raba ƙaramin yaro da mahaifiyarsa a kai shi wani gari. Sai da wani ya haƙura da hannun da zai taimaka a gona da kiwo har tsawon shekara 13. Sai da wani ya toshe kunnensa daga masu cewa boko zai lalata yaron. Marayan da ba shi da wannan, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa, a bakin garke zai ƙare.

Wani ɗan kasuwa a Amurka

Don a ga nauyin abin da Aliyu ya bari, yana da kyau a kwatanta shi da mahaifin wani shugaban da 'yan Najeriya suka sani, Bill Clinton, wanda ya mulki Amurka daga 1993 zuwa 2001, ya kuma ziyarci ƙauyen Ushafa kusa da Abuja a watan Agustan 2000.

Sunan mahaifinsa William Jefferson Blythe. An haife shi a 1918 a garin Sherman na jihar Texas, a gidan wani talakan manomi mai 'ya'ya da yawa. Sana'arsa ita ce yawo gari-gari a mota yana tallata kayan injuna a madadin kamfani, falke ke nan irin na ƙasarsu. A 1943 ya auri wata ɗalibar aikin jinya, Virginia Cassidy, kuma ba da jimawa ba aikin soja ya raba su. Ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a Masar da Italiya yana gyaran motocin soja da tankokin yaƙi. Yaƙin nan dai shi ne wanda ya kwashi samarin Arewa zuwa Habasha da Bama, a daidai shekarun da Shehu Shagari yake ɗalibi a Kaduna.

Blythe ya tsira daga yaƙi, amma bai tsira daga hanya ba. Bayan an sallame shi ya sami aiki a Chicago. Ranar 17 ga Mayu 1946 ya kama hanya zuwa garin Hope na jihar Arkansas don ya ɗauko matarsa mai juna biyu. Kusa da Sikeston a jihar Missouri taya ta fashe, mota ta ƙwace, ta wurgar da shi. A cikin wani magudanar ruwa na gefen titi aka tsinci gawarsa. Shekararsa 28. Bayan wata 3, ranar 19 ga Agusta, aka haifi ɗansa.

Blythe bai bar gida tsayayye ba. Sai a 1993, ɗan yana kan mulki, jaridar Washington Post ta bankaɗo cewa ya yi wasu aure-aure kafin Virginia, har da 'ya'yan da shugaban bai san da su ba. Ko sunansa bai ɗore ba, domin yaron da ya kai shekara 15 ya ɗauki sunan mijin mahaifiyarsa, Roger Clinton, mai sayar da motoci.

Amma a nan ma akwai waɗanda suka ɗauki nauyin. Da uwar ta tafi New Orleans ƙarin karatu don ta iya ciyar da ɗanta, kakanninsa na wajen uwa ne suka riƙe shi. Kakan yana da ɗan kantin kayan masarufi, kakar kuma ita ta fara koya masa karatu da ƙirga tun kafin ya shiga makaranta. Bambancin shi ne, a Shagari uban ne ya bar tsarin da ya riƙe ɗansa. A Hope kuwa dangin uwa ne suka cike giɓin da uban ya bari.

Marayun da suka riƙe ƙasa

Labarin Shehu Shagari ba shi kaɗai ba ne a Arewa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello yana ɗan shekara 6 mahaifinsa Ibrahim, Sarkin Rabah, ya rasu, kuma dangi ne suka riƙe shi har ya je Kwalejin Katsina. Muhammadu Buhari, wanda ya karɓi mulki bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Shagari a ranar ƙarshe ta 1983, shi ma yana ƙaramin yaro ya rasa mahaifinsa Harɗo Adamu, ya tashi a hannun mahaifiyarsa Zulaihatu a Daura.

Dukkansu ukun 'ya'yan masu riƙe da jama'a ne, hakimi ko dagaci ko harɗo. Dukkansu sun rasa uba kafin su mallaki hankalinsu. Dukkansu kuma an sami wanda ya kai su makaranta ya bar su a can har suka gama. Mutane sukan ce maraici ne ya ƙarfafa su. Amma marayu nawa ne sa'o'insu da ba wanda ya san sunansu a yau? Abin da ya raba waɗannan da sauran shi ne gidan da ya tsaya musu.

Abin da ɗan ya yi da gadon

Shehu Shagari bai koma ciniki ba. Malamin makaranta ya zama. Ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato inda ya yi karatu, ya kuma riƙe makarantar firamare a Argungu. A 1954 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai. Ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan ya riƙe ma'aikatu daban-daban har zuwa juyin mulkin Janairun 1966. A 1962 Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya naɗa shi Turakin Sakkwato.

Bayan faɗuwar Jamhuriya ta Farko ya dawo gida, ya shiga aikin asusun raya ilimi na lardin Sakkwato, wanda ya gina makarantu da dama a karkara. Mutumin da wani ya kai makarantar Yabo ya koma yana kai makaranta kusa da 'ya'yan wasu. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta sake kiransa Legas, ya riƙe ma'aikatar kuɗi daga 1971 zuwa 1975, kafin jam'iyyar NPN ta tsayar da shi a zaɓen 1979.

Mulkinsa bai kuɓuta daga zargi ba. Badaƙalar lasisin shigo da kaya, musamman shinkafa, da yadda wasu manyan jam'iyya suka haɗa muƙami da kasuwanci, suna cikin hujjojin da sojoji suka kafa. Wato ainihin abin da al'ada ta hana mahaifinsa, shi ne ya yi wa gwamnatin ɗan illa ta hannun na kusa da shi. Shi kansa dai kwamitin Mai Shari'a Samson Uwaifo bai same shi da laifin cin dukiyar jama'a ba, aka sake shi daga tsarewa a 1986. Ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamba 2018 yana da shekara 93, aka kai shi Shagari, garin kakanninsa, aka binne shi. Babbar kwalejin horar da malamai ta birnin Sakkwato tana ɗauke da sunansa.

Su wa za su riƙe marayun yau?

Wannan tarihi yana da nauyi a jihar Sakkwato ta yau, domin ɗan kasuwa ya sake zama mutumin da ke fita da safe ba tabbacin dawowa. Ranar 17 ga Oktoba 2021 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 43. A watan Disambar shekarar aka ƙone matafiya fiye da 20 a cikin mota a yankin Sabon Birni. A Isa, Rabah, Tangaza da Gudu an sha tare hanyoyin kasuwa, an sha sace magidanta a gonakinsu.

Kusan kowane magidanci da ya faɗi ya bar yara, wasu ba su wuce shekarun Shehu Shagari na 1930 ba. Bambancin shi ne, a wancan lokaci mutum ɗaya mutuwa ta ɗauka, ta bar gida da gona da garke da yayye. Yanzu sau da yawa harin da ya kashe uba shi ne ya kore shanun, ya ƙone rumbun, ya tarwatsa ƙauyen. Yayan da ya kamata ya riƙe ƙannensa yana gudun hijira a Sakkwato ko ya tsallaka Nijar. Dagacin da ya kamata ya rubuta sunan yaro a kai shi makaranta shi ma ya bar garin. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yaran Najeriya fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, kuma Arewa maso Yamma na cikin inda abin ya fi muni.

Akwai masu ƙoƙari. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar Sakkwato tana tallafa wa marayu, haka ma ƙungiyoyin addini da masu hali. Amma buhun shinkafa da kayan Sallah na kwana kaɗan ne. Abin da ya kai ɗan Magaji Aliyu inda ya kai riƙo ne na shekara da shekaru: wurin kwana, abinci, da babban da zai tambaya ko yaro ya je aji yau, tun daga elementare har kwaleji.

Irin wannan riƙo ba ya bukatar rawani. Yana bukatar baffa ko kawu ko yaya da zai haɗa ɗan ɗan'uwansa da nasa 'ya'yan a rajistar makaranta ɗaya. Yana bukatar ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na Tsohuwar Kasuwa da Kara da sauran kasuwannin jihar, su san 'ya'yan abokan sana'arsu da suka rasu a hanya, su bi karatunsu. Yana kuma bukatar gwamnati ta tabbatar yaron da rikici ya raba da ƙauyensu ya sami gurbi a makarantar garin da ya sami mafaka, ba tare da an nemi takardar da ta ƙone tare da ɗakinsu ba.

A 1930 ba wanda ya kalli ɗan shekara 5 a gidan Magajin Shagari ya ga shugaban ƙasa. Maraya kawai aka gani, ƙanen Bello, kuma da shekara ta zagayo aka kai shi makaranta a Yabo.